Zafin Bene da Tumatirin Inna

Lokacin ɗari na kama ɗakin. Dillalin da ya kai ni yana gaba ina biye, muka hau matakala har inda ta ƙare, yana haki yana cewa, "Madmazel, nan ba sauro, ba mai taka miki kai." Ya tura taga, iska ta daki fuskata. Na leƙa sai ga unguwar Kalley duk a ƙarƙashina: rufin kwano kala-kala, taksi suna bin juna, masu kura suna ihu a ba su hanya, can gefe babbar kasuwa tana ta tafasa. Ko banɗaki ban duba ba. Na ce na kama.

Ɗaki ɗaya ne da ƙaramin salo na zama da wani lungu na girki, a bene na ƙarshe. A samansa ba kowa sai dal, wato rufin kankare, da wata ƙaramar ƙofar ƙarfe da ake bi a fita kansa. Hayarsa ba ta kai ta ɗakunan ƙasa ba. Ban tambayi dalili ba, na ɗauka sa'ata ce ta tashi.

Kafin nan a gidan Kawu nake zaune, a Talladje. Ƙanin Inna ne, shi ya karɓe ni tun da na baro Damagaram bayan na gama lakwal, wato makarantar boko, na zo Yamai neman aiki. Mutanen kirki ne, ba zan yi musu sharri ba. Amma a salo nake kwana, sai mai kallon tele na ƙarshe ya tashi sannan in shimfiɗa katifa. Sabuluna na kowa ne, cajata ta kowa ce, mayafina kuwa sai in gan shi a kan wata a gidan biki. Kullum da safe taksi biyu nake shiga kafin in kai butik ɗin atamfa da nake riƙe wa kuɗi a bakin kasuwa. Daga sabon ɗakin kuwa da ƙafa nake zuwa, shayina bai ma huce a cikina ba.

Kawu bai so ba. Ya ce ɗiya mace ita kaɗai a bene, me za a ce? Na ce masa mai gidan wata Hajiya ce tsohuwa, a ƙasa take da iyalinta, ba mai shiga ba mai fita sai ta gan shi. Bai gamsu ba, ya kira Inna a waya. Ina tsaye ina ji. Inna ta ce, "Ka bar ta. Idan zafi ya shigo zan zo ganin likitan ido, in je in ga wurin da kaina. In na mutane ne ta zauna. In ba na mutane ba ne ta tattara ta dawo maka." A gidanmu idan Inna ta yi magana an gama. Ba a ɗaukaka ƙara.

Watannin farko, wayyo daɗi! Na sayi labule shuɗi, na sayi tabarmar roba, na jera tukwanena biyu kamar amarya. In dawo daga aiki in jefar da takalmi duk inda na so, gobe in same shi a nan. In ci abinci a tsaye, in ci a kwance, in ƙi ci. Da la'asar in hau dal in kalli shirwa suna shawagi daidai da idona, in ji kiran salla yana tasowa daga masallatai ta kowane gefe, ɗaya na bin ɗaya. Na riƙa ɗaukar hoto ina tura wa ƴan gidan Kawu don su ji haushi.

Sai ɗari ya tafi.

Ni ƴar Damagaram ce, ba baƙuwar zafi ba ce. Amma wannan daban ne. Dal ɗin nan yini yake yana shan rana, ba inuwar bishiya, ba ɗakin wani a kansa, idan ya ƙoshi sai ya juyo mini da ita cikin ɗaki. Na dawo aiki wata rana na buɗe ƙofa na ji kamar na leƙa tandar mai burodi. Bango da zafi. Katifa da zafi. Man shafawata ya narke ya zama ruwa, jan bakina ya kwanta a cikin mazubinsa. Na kunna fanka ta riƙa kwaso zafin sama tana watso mini a ka. Na kashe ta, ya fi muni. Na sake kunnawa.

Kontar wutata irin mai kati ce, wadda ake saya wa wuta kamar yadda ake sa wa waya kuɗi. Lokacin ɗari sai in manta da ita. Yanzu fanka ba ta hutawa, ƙaramin firigona na sanyaya ruwa yana gurnani ba tsayawa, sai kontar ta fara kukan nan nata, ƙit, ƙit, ƙit, tana sanar da ni ta kusa cinye abin da na ba ta. Na je na tambayi kuɗin klim, na'urar sanyaya ɗaki. Mai shagon ya faɗa, ya kuma faɗi abin da take ci a wata, na ce masa Allah ya ba da kasuwa. Ko na daina cin abinci albashina ba zai ciyar da ita ba.

Ga ruwa. Da zafi ya tsananta famfo ya daina hawowa sama da rana, sai ya yi tari ya yi shiru. Na kira ɗan ga-ruwa, ya ɗaga kai ya kalli benen, ya ce kuɗin bido, wato jarka, a sama ba ɗaya yake da na ƙasa ba. Na ce ai ruwan ɗaya ne. Ya ce, "Ruwan ɗaya ne, Hajiya, ƙafar ce tawa." Na biya, ina zaginsa a zuci.

A benen da ke ƙasa da ni akwai wata Bazabarma, kowa Tanti yake ce mata, tana da babban firiza tana sayar da ƙanƙara. Duk lokacin da na sauko sai ta leƙo.

"Fofo, ƴar sama! Kin nuna, ko a ƙara miki wuta?"

"Tanti, ba ni ƙanƙara ki bar ni da abin da ya dame ni."

"Wanda ya zauna ɗakin kafin ke, fari ne sol da ya zo. Da zai tafi uwarsa ba ta gane shi ba."

Ina dariya, amma ba ta kai zuci ba, don Inna ta riga ta aiko cewa ta sayi tikitin mota. Idan ta shigo ɗakin nan ta ji abin da nake ji, ko zama ba za ta yi ba. Ni kuma na rantse ba zan koma jiran masu kallon tele ba.

Wata abokiyar aikina ce ta ce in nemi imidifikater. Akwati ne mai fanka a ciki, ana zuba masa ruwa, iska ta bi ta cikin jiƙaƙƙen abu ta fito da sanyi, kuma ba ya cin wuta kamar klim. Ana gobe Inna za ta zo na tafi kasuwar Wadata na samo wani na hannu, babba, mai ƙafafun taya. Mai sayarwa ya jona shi ya kunna a rumfarsa, iska mai sanyi ta taɓa wuyana, na kusa yin guɗa a tsakiyar kasuwa. Ya fara bayani, ruwa a nan, ƙanƙara a nan, ni kuwa na riga na tsayar da taksi. Me ya rage? Ruwa da wuta ne.

Inna ta sauka gidan ƙaninta ta kwana, kamar yadda ya dace. Washegari da safe na shirya ɗakin. A butik ɗinmu akwai klim, kuma ba abin da mai butik yake faɗa daga safe zuwa yamma kamar "Ku rufe ƙofa, sanyi na fita!" A banki haka, a famasi haka, duk inda sanyi yake a Yamai ƙofa a rufe take. To ni ma na rufe. Na kulle tagogi, na cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa, na toshe ramukan iska da kwali, na rataya bargo a kan tagar da rana ke bugu. Na cika akwatin da ruwan ga-ruwa har baki, na zuba ƙanƙarar Tanti, na murɗa makunninsa har ƙarshe. Na ce ya yi ta tara sanyi har mu dawo. Na sa sabon zanen gado. Na sauka ina waƙa.

Bayan azahar muka iso, ni da Inna da Kawu, a taksi. A hanya idon Inna na kan titi, tana kallon mata masu tumatir da suka jibge shi tuli-tuli a bakin hanya. Ni kuwa bakina bai rufu ba. "Inna, za ku ji sanyi. Kawu, da ka zo da rigar sanyi."

Muka hau. Inna tana hawa a hankali, tana dafa bango. Kawu yana tsayawa a kowane bene yana cewa, "Har yanzu?" Na sa makulli, na tura ƙofa, na ja gefe don su fara shiga.

Wani tururi ya fito ya rungume mu. Tabaran Kawu suka yi fari nan take. Na shiga da gudu. Madubina yana zufa. Zanen gadon ya yi danshi kamar an shanya shi bai bushe ba. Kalandar bango ta nannaɗe. Ɗakin yana warin jiƙaƙƙiyar ciyawa, zafin kuma yana nan, sai dai yanzu ya samu ruwa, yana manne wa mutum a fata. Akwatin yana tsakiyar ɗaki yana ta aikinsa, kontar kuma tana ƙit, ƙit.

Kawu ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. "Ɗiyata, wannan ɗaki ne ko madambaci? Dambu kike so ki yi da mu?"

Inna ta taɓa bango. Ta taɓa katifa, ta kalli tafin hannunta. Ta ce, "Ke, buɗe tagar nan kada mu mutu a gidan haya."

Na yaye bargon, na buɗe tagogi, na zare tsummokaran. Tanti ta jiyo hayaniya ta hawo, ta gaida Inna da Hausarta mai ɗanɗanon Zabarmanci, ta leƙa ta ga kwalayen da na toshe ramuka da su, sai ta zauna a kan matakala tana dariya har da hawaye. "Rufe shi kika yi? Wannan ai sai taga a buɗe! Ba klim ba ne, ƴar sama, numfashi yake so!" Abin haushi kuma, kafin ta gama dariyar iskar da ke fitowa daga akwatin ta fara yin sanyi-sanyi. Amma an riga an gani.

Kawu ya juya wajen Inna. "Yaya, kin gani da idonki. Gobe in turo mai kura a kwashe kayan."

Na buɗe baki zan yi gardama, Inna ta ɗaga mini hannu. Ta ce tana son iska tukuna. Ta nuna ƙofar ƙarfen nan ta ce ina take zuwa. Na ce dal ne, Inna, ba a hawa da rana, ƙafa ma ba ta taka shi. Ta ce in buɗe.

Muka fita. Rana ta tsaya a kai, kankaren yana walƙiya, zafinsa yana ratsa takalmi. Ba komai a wurin sai eriyar tele da wata tsohuwar taya. Kawu ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi fitowa. Inna kuwa ta taka har tsakiya, ta tsaya, ta juya a hankali tana auna wurin da ido.

Sana'ar Inna kayan miya ne busassu. Kauɗar tumatir, kuɓewa, tattasai, su take yankawa ta shanya ta ajiye, idan damina ta zo kaya suka yi tsada ta fito da su. Da su ta biya mini lakwal. Kuma tun ina ƙarama rayuwarta yaƙi ce da awaki da kaji da yaran maƙwabta. Ba ta taɓa yin shanya ta zauna ba, kullum da sanda a hannu.

Ta ce, "Akuya na hawowa nan?"

Na ce, "Akuya kuma, Inna? A bene?"

"Kaji fa?"

"Babu."

"Yara?"

"Ni kaɗai ke da makullin."

Ta sunkuya ta ɗora tafin hannu a kan kankaren, ta janye da sauri, sai na ga ta yi murmushi. Ta ce, "Tumatirin nan da muka wuce a hanya, ruɓewa yake yi a hannunsu. Na ga suna zubarwa."

Kawu ya ce daga bakin ƙofa, "Yaya, maganar yarinyar nan muke yi."

"Na ji ka. Je ka zauna gaban akwatin."

A ranar ta sauka ta gaida Hajiya mai gida. Ban san abin da suka ƙulla ba, na dai ji suna dariya, na kuma ji an ambaci rabon kauɗa. Washegari kafin in tafi aiki ta tashe ni muka je kasuwa. Ta yi ciniki da Hausa, mai tumatir tana amsawa da Zabarmanci, ba mai jin wata sosai, amma aka daidaita. Ta ce ba za ta shanya a ƙasa ba saboda ƙadangaru, kuma kankaren zai dafa tumatirin ya baƙanta. Ta sa aka kawo zana da itace, aka samo masu aiki suka kafa mata gadaje masu tsawo kamar ƙugu, aka danne ƙafafunsu da bulo saboda iska. Suka rufe kusan duk saman ɗakina. Masu hawo da kayan sun caje mu kuɗin ƙafa su ma, Inna ta biya ba ta ko yi ƙorafi ba, abin da ban taɓa gani ba.

Daga nan kwanakina suka koma yanka. Da asuba mu hau da wuƙaƙe da kwanduna, mu tsaga tumatir biyu, mu jera shi fuska sama. Hannuna ya yi ja, yana raɗaɗi, ina zuwa butik ina warin miya. Inna ta je likitan idonta ta dawo da magani, ta ɗiga, ta koma kan zana. Tumatirin da a Damagaram take yini tana gadi, a nan sai ta shanya ta sauko ta yi barcinta. Ta ce ba ta taɓa ganin ranar da ta san aikinta kamar wannan ba.

Wata rana na dawo aiki na buɗe ƙofa ina jiran abin da na saba, sai na ji bai dake ni ba. Da zafi, amma irin na kowa. Na hau gado na miƙa hannu na taɓa rufin. Ɗumi ne kawai. Na yi ihu, Inna ta fito daga lungun girki da ludayi a hannu.

"Lafiya?"

"Inna, rufin! Zanarku ta tare rana! Taɓa ki ji!"

"In hau gado da tsufana? Sauko kar ki karya shi."

Na sauko na kunna akwatin, taga a buɗe, na tsaya a gabansa na buɗe hannuwa. Na kira Tanti ta zo ta shaida. Ta shigo ta tsaya ta shaƙi iska, ta ce, "To, yanzu wa zai riƙa sayen ƙanƙarata?" A satin nan na kashe fanka da rana ban mutu ba, kontar ma ta rage kuka.

Amma Inna ta ƙi yanke hukunci kan zamana. Na tambaye ta da safe, ta ce likita bai sallame ta ba. Na tambaye ta da yamma, ta ce in miƙo mata gishiri. Kawu yana kira kullum yana tambayar yaushe mai kura zai zo. Na daina cin abinci sosai. Ni ba na iya jira, ita kuma ta sani.

Ranar da za ta koma, Kawu ya zo raka ta tasha. Buhunan kauɗa suna jingine a salo, an ware na Hajiya, an ware ɗan ƙulli na Tanti. A sama kuma akwai sabuwar shanya da muka yanka jiya. Kawu ya zauna gaban akwatin, ya cire hula, ya ce, "To, Yaya, ya maganar?"

Inna tana ɗaure bakin jakarta. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Tana nan."

"Yaya, bene ne fa. Zafi yanzu ya fara."

"Idan ta koma Talladje kai za ka hawo kana juya mini tumatir?"

Kawu ya mayar da hularsa.

Na daka tsalle na rungume ta, ta ture ni ta ce zan zubar mata da maganin ido. Sannan ta jero mini sharuɗɗa. In juya shanya kafin in tafi aiki. In kwashe idan ta bushe, in zuba a buhu, in aika mata a mota. Idan tumatir ya ƙare kuɓewa za ta biyo, bayanta tattasai. Idan na ga hadari ya taso daga gabas, ko ina butik in roƙi izini in rugo. Na ce to, na ce to, ban ma ji rabinsu ba.

Ba zan ce ɗakin ya zama aljanna ba. Da zafi ya kai ƙarshensa na sha wuya, musamman idan an ɗauke wuta akwatin ya yi shiru. Ɗan ga-ruwa ya samu abokiyar ciniki ta dindindin, don akwatin nan yana shan ruwa kamar raƙumi. Ƙudaje sun gano hanyar bene. Lokacin tattasai na yi ta atishawa har maƙwabta suna yi mini sannu ta taga. Na ɗauki kwanduna a ka na hau matakalar nan har ƙafafuna suka yi tauri.

A ranar da Inna ta tafi dai, bayan motarta ta tashi, na dawo ni kaɗai na hau da gudu, ina tsallake matakala bibbiyu. Na rufe ƙofata, na kwanta a tsakiyar salo na miƙe ƙafa da hannu. Ban daɗe ba waya ta yi ƙara. Inna ce, ƙarar mota na bayanta.

"Kin isa?"

"Na isa, Inna."

"To me kike yi a kwance? Tashi ki duba na gefen eriya, jiya ban ga kin juya su ba."